Yadda Ake Lalubo Labarai a Kan Matsalolin Ɗaliban Manyan Makarantu

Aikin jarida a harabar makaranta yana farawa ne tun kafin a ɗauki biro ko a kunna na'urar naɗar murya, wato a lokacin da ake yanke shawarar abin da za a bibiya da abin da za a ƙyale. Jaridun bango, da mujallun da sassan koyar da aikin jarida ke fitarwa, da gidajen rediyon da jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya suka mallaka, da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan jarida irin waɗanda suka yi ƙarfi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, duk suna da matasa masu basirar rubutu, amma abin da ya fi cika shafukansu shi ne bikin rantsar da sababbin ɗalibai, da jawabin shugaban jami'a, da sakamakon zaɓen ƙungiya, wato al'amuran da wani ya shirya sannan ya aiko da takardar gayyata. Abubuwan da ke hana ɗalibi barci, irin su kuɗin haya da ruwan wanka da sakamakon jarrabawar da ya ɓace, sai an tashi an fita neman su, kuma neman nasu yana da hanyar da ake iya koya.

Hanyar da ɗakunan labarai suka fi amfani da ita ita ce zaman lalubo labarai, wato taron da edita ke yi da wakilansa domin kowa ya zuba abin da yake ganin ya cancanci a bibiya, kafin a tace a raba aiki. Wanda ya fara tsara ƙa'idojin irin wannan zama shi ne Alex Osborn, wani jami'in kamfanin talla a Amurka, wanda ya bayyana su a littafinsa mai suna Applied Imagination a 1953, inda ya nemi a jinkirta suka har sai an gama tattarawa, a fifita yawan shawarwari a matakin farko, a saurari shawarar da ta zo baƙuwa, a kuma yarda wani ya ɗora a kan abin da wani ya kawo. Sai dai binciken da Michael Diehl da Wolfgang Stroebe suka wallafa a 1987 ya nuna cewa mutanen da kowannensu ya zauna shi kaɗai ya rubuta sun fi waɗanda suka taru suna magana fitar da shawarwari masu yawa, kuma babban dalili shi ne mutum ɗaya ne kawai ke iya magana a lokaci guda, yayin da sauran ke jiran layi har abin da ya zo musu a rai ya kuɓuce. Wannan cikas ya fi tsanani a wurin da tarbiyya ta ginu a kan kunya da girmama na gaba, domin ɗalibin aji ɗaya ba zai katse ɗan aji huɗu ba, ɗaliba kuma tana iya fita daga taron ba ta ce uffan ba alhali ita ce ta san halin da ake ciki a ɗakin kwanan mata, inda babu wakili namiji da zai iya shiga. Maganin wannan shi ne a buɗe zaman da rubutu, a ba kowa minti goma ko sha biyar ya rubuta shawarwarinsa a ƙananan takardu ba tare da sa suna ba, sannan a tara su a karanta a fili, ta yadda za a auna kowace shawara da nauyinta ba da matsayin mai ita ba.

Amma zaman ba ya fitar da abin da ba a shigo da shi ba, saboda haka aikin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ake yi a kwanakin da suka gabace shi. Edita mai lura yakan raba wa wakilansa wurare kafin ya raba musu labarai, ya ce wane ya riƙa zama a tashar motocin da ke jigilar ɗalibai da safe, wance ta riƙa leƙa asibitin makaranta, wani ya riƙe layin ofishin kula da harkokin ɗalibai, wani kuma unguwannin da ɗalibai ke haya a wajen makaranta, kamar Samaru a Zariya ko unguwannin da ke bakin titin Gwarzo a Kano. Abin da ake buƙata daga wakili a wannan mataki shi ne ya saurara ya kuma ƙirga, ya rubuta a littafin aljihunsa nawa ake biyan ɗan Adaidaita Sahu daga gari zuwa ƙofar makaranta, da ƙarfe nawa famfo ke kawo ruwa a ɗakin kwana, da nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka idan bai kawo ba, da mutum nawa ke kwana a ɗakin da aka gina domin mutum huɗu. Mai shayi, da mai kwafin takardu, da mai gadi, da matar da ke sayar da abinci a bayan tsangaya, sun daɗe a makarantar fiye da kowane ɗalibi, kuma su ne ke fara ganin canji, domin mai abinci ta san lokacin da ɗalibai suka koma sayen rabin faranti, mai shago kuma ya san lokacin da littafin bashinsa ya cika. Zaurukan WhatsApp na azuzuwa su ma suna da amfani wajen jin abin da ke damun mutane, amma abin da aka tsinto a cikinsu ana ɗaukarsa ne a matsayin alamar inda za a tona, kuma ba a buga shi sai an tabbatar da shi ta wata hanya.

Bayan saurare da ƙirga a waɗannan wurare, hanya ta biyu ita ce takardu, kuma ɗalibai 'yan jarida sun fi sakaci da ita duk da cewa ita ce mafi arha kuma mafi ƙarancin haɗari. Jadawalin kuɗin rajista da makaranta ke fitarwa kowace shekara yana rarraba kuɗin kashi-kashi, kamar na lafiya da na wasanni da na laburare da na intanet, kuma kowane kashi tambaya ce da ke jiran mai yi. Idan ɗalibi ya biya kuɗin inshorar lafiya a ƙarƙashin shirin TISHIP, wanda aka tanada domin ɗaliban manyan makarantu, amma da ya je asibitin makaranta aka rubuta masa magani aka ce ya saya a waje, to akwai abin bibiya. Haka nan allunan da ake kafawa a gaban gine-ginen da asusun TETFund ke ɗaukar nauyi sukan nuna sunan aikin da na ɗan kwangila da shekarar da aka ware kuɗin, kuma wakilin da ya zagaya makaranta ya kwafe su duka zai iya gane wanne aka kammala, wanne aka yi watsi da shi, wanne kuma aka gama amma aka kulle. Inda takarda ba ta fito fili ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum damar ya nemi bayani a rubuce daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa, da damar ƙarin wasu bakwai a wasu yanayi. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna ƙarƙashin wannan doka, kuma ko da ba a amsa ba, kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce cewa an tambaya.

Kalandar karatu ita ma tana faɗa wa mai lura abin da ke tafe, domin kowane zango yana da lokacin rajista da lokacin rabon gado da lokacin jarrabawa da lokacin tura sunaye zuwa hukumar NYSC, kuma kowanne yana da matsalar da ta saba biyo shi. Wakilin da ya fara tambaya makonni uku kafin lokacin ya fi wanda ya jira sai rikici ya tashi.

Hanya ta ƙarshe ita ce saukar da labarin ƙasa zuwa harabar makaranta, wato a ɗauki matakin da aka yanke a Abuja a tambayi yadda ya isa ga ɗalibi guda a ɗakinsa. Shekarun baya-bayan nan sun samar da misalai masu nauyi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, bayan na 2020 da ya ci kusan wata tara, kuma manyan jaridu sun ba da labarin tattaunawar ƙungiyar da gwamnati daki-daki, amma ɗalibi ne kaɗai yake da damar ya gano mutum nawa a ajinsa ba su dawo ba bayan an buɗe, da abin da ya faru da kuɗin hayar da aka biya na ɗakin da ba a kwana a ciki ba, da yadda aka matse zangunan karatu domin a cike giɓi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin sufuri a daidai shekarar da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa ashirin a rana, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, fiye da ninki uku na farashin da, kuma tambayar da ta dace da jaridar makaranta ita ce ko an rage awannin wuta a ɗakunan kwana da laburare, da inda ɗalibai ke karatun dare yanzu. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar sannan ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya, kuma wannan tsari kansa ya haifar da tambayoyi, kamar abin da ke faruwa da ɗalibin da ya riga ya biya daga aljihunsa kafin kuɗin asusun ya iso, da kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar masa, da dalilin da ya sa wasu da suka cancanta suka ƙi nema, ko don tsoron bashi ne ko don shakku na addini ko don rashin lambar NIN da ta dace da sauran takardunsu.

Idan aka shigo zaman da irin waɗannan abubuwa, sai a fara da rubutun shiru kamar yadda aka bayyana, sannan a karanta, a rubuta kowace shawara a allo inda kowa zai gani. Zama na mutum shida zuwa goma ya fi gudana, kuma awa ɗaya ta isa idan an shirya. Ya kamata mai jagorancin zaman ya zama na ƙarshe wajen faɗin ra'ayinsa, domin da zarar edita ya nuna abin da ya burge shi sauran sukan karkata can. Akwai wasu tambayoyi da jagora ke jefawa idan zaman ya yi sanyi, kamar me ya canza tun zangon da ya wuce, me aka yi alkawari ba a cika ba, wa ke samun kuɗi daga wannan matsala, wane abu ne kowa ya sani amma ba a taɓa rubutawa ba, kuma ina aka warware irin wannan matsala har ta kau. Tambayar ƙarshen tana da muhimmanci na musamman, domin jaridar da ba ta kawo komai sai ƙorafi takan gajiyar da masu karatunta, kuma labarin sashen da ke fitar da sakamako a kan kari, tare da bayanin yadda yake yi, yana matsa wa sauran sassa lamba fiye da zargi.

Matakin da ya fi wahala, kuma wanda ake tsallakewa a mafi yawan irin waɗannan taruka, shi ne mayar da maudu'i ya zama labari. Maudu'i fage ne mai faɗi kamar matsalar masauki ko tsadar rayuwa ko tsaro, kuma wakilin da aka tura da maudu'i kawai zai dawo ne da ra'ayoyin ɗalibai biyar da ke cewa abin babu daɗi, abin da mai karatu ya riga ya sani. Labari kuwa yana da wanda abin ya sama, da wanda ke da alhaki, da wuri, da lokaci, da abin da za a iya aunawa. Hanyar da littafin koyar da binciken ƙwaƙwaf na Mark Lee Hunter, wanda hukumar UNESCO ta wallafa, ya koyar ita ce a rubuta hasashe, wato jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da ake zaton yana faruwa, a sigar da bincike zai iya tabbatarwa ko ya rushe. A ɗauki misalin masauki. Idan wani ya rubuta a takardarsa cewa ɗakunan kwana ba su isa ba, sai jagora ya tambaya gado nawa makarantar ke da shi kuma ɗalibai nawa ta ɗauka, sannan ta wace hanya ake raba gadajen, sannan ko waɗanda suka samu su ne ke kwana a kansu. Daga nan wata na iya cewa ta san wadda ta sayi gado a hannun wata ɗaliba da ninkin kuɗin hukuma, wani kuma ya ƙara da cewa shafin neman gado yakan cika cikin ɗan lokaci kaɗan bayan an buɗe shi. A ƙarshe sai a rubuta hasashe cewa wani ɓangare na gadajen da makaranta ke rabawa a farashin hukuma yana komawa kasuwa a sayar wa sababbin ɗalibai da tsada, kuma tsarin rabon ne ke ba da ƙofar hakan. Wannan jimla ta faɗa wa wakili abin da zai nema, wato adadin gadaje daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, da rasit na farashin hukuma, da masu saye da masu sayarwa, da bayanin jami'in da ke kula da rabon. Dole ne kuma a gaya wa wakili tun a wurin cewa hasashe ba hukunci ba ne, kuma idan bincike ya nuna akasinsa, abin da aka gano shi za a rubuta.

Haka ake yi wa maganar tsaro. Sace ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris 2021, da na Jami'ar Greenfield a Kaduna a watan Afrilu na shekarar, da na Jami'ar Tarayya ta Gusau a watan Satumba 2023, sun nuna girman haɗarin, kuma na Gusau ya faru ne a gidajen haya da ke unguwar Sabon Gida a wajen makaranta. Daga nan jaridar kowace makaranta za ta iya fitar da tambayarta, wato wa ke da alhakin tsaron ɗalibin da makaranta ta ɗauka amma ba ta ba shi masauki ba, kuma ko makarantar ma tana da rajistar gidajen da ɗalibanta ke zaune. Sai dai irin wannan labari yana buƙatar taka-tsantsan na daban, domin rahoton da ya zayyana inda katanga ta rushe da awannin da babu mai gadi zai iya zama jagora ga masu mugun nufi, don haka ana kai irin waɗannan bayanai ga hukuma kai tsaye, a buga abin da ya shafi alhaki da alkawuran da aka ɗauka.

Bayan an mayar da shawarwari tambayoyi, sai a zo tacewa, kuma a nan ne ake buɗe ƙofar sukar da aka rufe a farko. Ma'aunan da aka saba da su su ne yawan mutanen da abin ya shafa, da tsananin cutarwar, da sabuntar al'amarin, da kusancinsa ga mai karatu, amma ɗalibi ɗan jarida yana da ƙarin ma'auni biyu da ba zai tsallake ba. Na farko shi ne iyawa, wato ko labarin zai kammalu da lokaci da kuɗin motar da ake da su, a tsakanin lakca da jarrabawa. Yana da kyau a tambayi kowace shawara mene ne mafi ƙarancin abin da za a iya bugawa idan babban zargin bai tabbata ba, domin labarin gadaje, alal misali, ko da ba a kama mai sayarwa ba, ƙididdigar gadaje da ta ɗalibai kaɗai labari ne. Na biyu shi ne haɗari, domin ɗalibi yana rubutu ne a kan hukumar da ke riƙe da sakamakonsa da takardar shaidarsa, kuma ƙa'idojin ladabtarwa na makarantu da dama suna da sassa masu faɗi a kan ɓata sunan makaranta. Wannan ba dalili ba ne na yin shiru, amma dalili ne na tabbatar da cewa kowace magana tana da hujja a ajiye, an ji ta bakin wanda ake zargi kafin bugawa, an kuma sanar da malamin da ke ba ƙungiyar shawara. Inda labarin ya fi ƙarfin jaridar makaranta, ana iya haɗa gwiwa da babbar kafa ko da shirye-shiryen horar da ɗalibai 'yan jarida irin wanda cibiyar CJID ke gudanarwa, domin a samu edita gogagge da shawarar lauya.

Akwai batutuwan da ke fitowa a kusan kowane zama waɗanda bai kamata a miƙa wa sabon wakili ba. Cin zarafin ɗalibai mata ta hanyar neman lalata domin maki yana kan gaba, kuma binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Oktoba 2019 a kan jami'o'in Legas da Gana ya nuna cewa ana iya tona shi, amma ya ɗauki ƙwararru dogon lokaci da tanadin kariya. A ƙasar Hausa, inda fitowar sunan yarinya a irin wannan magana ke iya shafar aurenta da mutuncin gidansu ko da ita aka zalunta, kare majiya ya wuce sauya suna kawai, domin ambaton sashe da aji da jiha ya isa a gane ta. Jaridar makaranta tana iya fara wannan batu ta ƙofar da ba ta jefa kowa a haɗari ba, ta tambaya ko makarantar tana da rubutacciyar manufa a kan cin zarafi, wa ake kai wa ƙara, ko akwai mace a kwamitin, kuma ƙorafi nawa aka saurara har aka yanke hukunci. Shaye-shayen ƙwayoyi da matsalar ƙwaƙwalwa su ma haka suke. Rahoton hukumar UNODC na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci rahoton, amma wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, kuma kuskure ne a jingina shi ga ɗaliban wata makaranta. Tambayar da ɗalibi zai iya amsawa ita ce ko sashen ba da shawara na makarantarsa yana aiki, ma'aikata nawa ke cikinsa, kuma ko ɗalibai sun san inda yake. Duk shawarar da ta taɓa addini ko ƙabila kuma sai an zauna a kanta da natsuwa, a tabbatar da cewa akwai mabiya kowane ɓangare a cikin masu tacewa.

Waɗanda ke zaune a teburin su ne ke iyakance abin da za a gani, saboda haka wajibi ne edita ya duba su wa ba sa wurin. Ɗalibai masu buƙata ta musamman ba kasafai ake ganinsu a ƙungiyoyin jarida ba, alhali dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su samar da hanyoyin shiga da suka dace da su, kuma wa'adin ya cika a farkon 2024, don haka zagayawa tare da ɗalibi mai keken guragu daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lakca labari ne da ba ya buƙatar komai sai lokaci da izininsa. Matan aure masu goyo da ke haɗa karatu da raino, da ɗaliban da suka dawo daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu 2023 suna neman gurbin ci gaba da karatu, da waɗanda suka gama karatun lauya suna jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi saboda ƙayyadadden adadin da ake ba kowace jami'a, da waɗanda ba a tura su hidimar ƙasa ba saboda shigarsu makaranta ba ta bi ta hukumar JAMB yadda ya kamata ba, duk suna da labaran da ke ɗauke da takardu da ranaku. Haka nan ɗaliban kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, waɗanda kafafen yaɗa labarai suka fi mantawa da su idan ana maganar manyan makarantu. Hanyar shigo da waɗannan muryoyi ita ce a riƙa gayyatar baƙo ɗaya ko biyu daga cikinsu zuwa zaman lokaci-lokaci, a ba su damar rubuta takardunsu kamar kowa.

Ba a tashi daga zaman sai an rubuta abin da aka yanke. Kowace shawarar da aka amince da ita tana buƙatar takarda guda mai ɗauke da hasashen, da sunan wakilin da zai yi aikin, da mutanen da zai tuntuɓa daga ɓangaren waɗanda abin ya shafa da ɓangaren hukuma da kuma wani masani da ba shi da hannu, da takardun da zai nema, da ranar da zai dawo da rahoton farko, wanda bai kamata ya wuce mako guda ba domin a san da wuri ko labarin yana da tushe. Idan wakili yana da alaƙa da batun, kamar a ce malamin da ake magana a kansa shi ke duba kundin bincikensa, ko shi kansa jami'i ne a ƙungiyar da ake bincika, sai a ba wani. Shawarwarin da ba a ɗauka ba kuma ba a zubar da su, ana shigar da su cikin rajista guda da kwanan wata, domin wadda ba ta nuna ba a wannan zango tana iya nuna a na gaba. Wannan rajista tana da wani amfani da ya keɓanci jaridun makaranta, wato kowace shekara editoci suna kammala karatu su tafi da abin da suka sani, sababbi kuma su fara daga farko, har hukuma ta iya maimaita alkawarin da ta yi shekara uku da suka wuce ba tare da wani ya tuna ba. Saboda haka ya kamata a riƙa shigar da alkawuran da jami'ai suka yi, da ranar da suka yi su, da kwafin jadawalin kuɗin rajista na kowace shekara, da amsoshin wasiƙun neman bayani, a ajiye kwafi a takarda da kuma a kwamfuta, sannan edita mai barin gado ya miƙa su hannu da hannu ga magajinsa, wanda zai buɗe zaman farko na sabuwar shekarar karatu da karanta labaran da ba a kammala ba da alkawuran da wa'adinsu ya cika.